Hanyar Dama a Dutsen Makwarwa

Alhaji Ilyasu bai fara hawan keke don sha'awa ba, likita ne ya tsoratar da shi. Yana da shekara arba'in da shida, yana da kantin atamfa da shadda a babbar kasuwar Maraɗi wanda ya gada wurin mahaifinsa, tumbi kuma ya fara hana shi ganin yatsun ƙafarsa, sai aka auna jininsa aka ce sukari ya hau. Likitan ya ce ko dai ya motsa jiki, ko ya shirya haɗiyar magani har ƙarshen ransa. Sai ya sa aka kawo masa keke daga Dubai, irin mai faɗin taya da giya barkatai wanda ake hawan duwatsu da shi, ya riƙa fita bayan sallar asuba, 'yan kabu-kabu suna yi masa hon suna dariya.

Kafin shekara ta zagayo dariyar ta ƙare. Tumbin ya sauka, kuma mutum takwas sun bi sahunsa, cikinsu har da Rashid, ɗan ƙanen babansa, mai koyarwa a wata makarantar sakandare. Kowace Lahadi sukan tashi daga ƙofar gidansa su je Tsibiri, su dawo su ratsa gari, su gangara Jiratawa su sha fura, sannan kowa ya kama gabansa. Shi ya ɗinka musu riguna masu ruwan ƙwai, shi ke gaba in ana tafiya, shi ake jira in za a tashi. Suna kiransa Shugaba, yana cewa su bari, amma yana jin daɗin sunan har cikin ransa.

A kan hanyar Jiratawa suka haɗu da Gado. Manomin zogale ne, siriri, ya girmi Alhaji da shekara biyu ko uku. Shekara ashirin ke nan yana ɗaura buhunan ganye a bayan wani tsohon baƙin keke yana kaiwa kasuwar Maraɗi. Ran nan suka wuce shi a guje suna dawowa gari, sai can Alhaji ya waiga ya ga mai buhunan yana manne da su, bai ko buɗe baki yana haki ba. Aka ƙara wuta, ya ƙara. Da suka tsaya a bakin gari Alhaji ya yi ta dariya, ya riƙe masa hannu, ya ce lallai ranar Lahadi mai zuwa ya zo ba tare da kaya ba. Shi da kansa ya ba shi riga, ya kuma ba shi kekensa na farko, don lokacin ya riga ya sayi sabo.

Makonni biyu na farko Alhaji yana nuna Gado ga mutane kamar wani abu da ya tsinto. Daga na uku abin ya fara sauya masa ɗanɗano. Gado bai taɓa wuce shi da gangan ba, a bayansa yake tsayawa, amma Alhaji yana jin numfashinsa a kwance yayin da nasa ƙirjin ke zafi. In sarƙar wani ta faɗi ko taya ta sace, Gado ake kira. Da aka iso wani hawa kusa da Tsibiri, Rashid ya ce a bar Gado ya saki jiki su gani, sai mutumin ya miƙe kan feda ya ɓace musu kamar an ja shi da igiya. Rashid ya ɗauka da waya ya watsa, har Hajiya Balkisu, matar Alhaji, ta gani. Tana zuba masa shayi ta ce ashe akwai wanda ya fi shi a ƙungiyar tasu. Da wasa ta faɗa. Ya yi murmushi, ya kurɓi shayin, ya ji kamar ba a sa sukari ba, ko da yake dama ba a sa masa.

Abin da ya fi damunsa shi ne bai sami laifin da zai riƙe ba. Gado ba ya fahariya. Yana rusunawa in zai gaishe shi, yana kawo wa Hajiya zogale da tumatir ba a roƙe shi ba. Da mutumin mai girman kai ne, da Alhaji ya sami inda zai ajiye abin da ke cin sa. Sai ya koma fita shi kaɗai ranar Laraba da Juma'a yana ƙara horo a ɓoye, ya sayi wasu takalma masu maƙalewa a feda, ya daina cin tuwon dare. Ranar Lahadi Gado zai zo da silifas, ya kwana yana ban ruwa a gona, kuma ba abin da ya sauya.

Tafiyar duwatsun Adar kuwa tunanin Alhaji ce tun kafin a san Gado. Wani abokin cinikinsa na Madawa ne ya ba shi labarin wasu ƙauyuka can cikin tsaunuka, inda mota ke shiga da ƙyar, da wani dutse da ake kira Dutsen Makwarwa, wanda mutanen wurin suke cewa kakanninsu sun hau shi sun yi kwanaki suna kare kansu da baka da kibiya lokacin da sojojin Nasara suka ratso ƙasar da bindigogi. A saman dutsen akwai tarin duwatsu a kan kaburburan waɗanda suka mutu, da wani ginshiƙin siminti da jikokinsu suka kafa. Alhaji ya je da mota tun da rani ya duba hanyar, ya zana ta a wayarsa, ya gaisa da mai gari, ya sanar da jandarmomi. A ransa ya daɗe yana ganin kansa shi ne na farko a gindin ginshiƙin nan, sauran suna isowa ɗaya bayan ɗaya suna tarar da shi.

Bayan kaka suka tashi, su goma. Aka loda kekuna a bayan wata mota mai buɗaɗɗen baya har gaban Madawa, inda kwalta ta ƙare musu, daga nan suka hau. Mutanen da suka saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Maraɗi suka ga abin da ba su taɓa gani ba: jajayen duwatsu masu faɗin kai, kwaruruka masu zurfi, tsakuwa mai kaifi da ke tsalle daga ƙarƙashin taya. Ranar farko suka tsaya a wani ƙauye inda aka gina ɗan bango da sunayen mutanen yankin da aka kwasa zuwa yaƙin Faransa da Jamus ba su dawo ba. Alhaji ya karanta sunayen da Faransanci mai kyau, ya yi ɗan jawabi da ya shirya. Aka saurara, aka gyaɗa kai. Sai wata tsohuwa da ke zaune a inuwa ta tambaya ko akwai Illo a ciki, don ita ba ta iya karatu ba, kuma an ce mata sunan babanta yana wurin. Gado ma bai iya karatun boko ba, amma ya sa Rashid ya nuna masa layin, ya kama hannun tsohuwar ya ɗora yatsanta a kai. Ta daɗe tana shafa wurin. Da suka ci gaba da tafiya, ba wanda ya ƙara tuna jawabin, maganar tsohuwar kawai ake yi.

Washegari da hantsi suka doshi Dutsen Makwarwa. Hanyar ta yi tsanani, ƙungiyar ta warwatse. Alhaji ya zuba duk abin da ya tara na watannin horo, har ya bar kowa a baya sai Gado, wanda ke gabansa kaɗan yana waiwayowa kamar mai kiwo da ke duba tunkiya. Wajen azahar suka iso gindin dutsen, inda hanya ta rabu biyu a wurin wata busasshiyar aduwa. Ta hagu tana zagaya dutsen tana hawa sannu a hankali har sama. Ta dama ta fi faɗi da kyan gani, amma cikin kwari take shiga, ta yi nisa, sannan ta ƙare a yashi da manyan duwatsu. Alhaji ya san wannan sarai, don direbansa ya yi kuskuren shiga nan da rani, da ƙyar suka juyo da motar.

Gado ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya jira shi.

"Alhaji, ina muka yi?"

Alhaji yana haki. Ya ciro wayar ya duba, ko da yake ba ya bukatar dubawa. Ya ɗaga kai ya ga saman dutsen, har farin ginshiƙin ana iya hangowa, sannan ya dubi Gado, wanda gumi ko jiƙa masa riga bai yi ba.

"Dama," ya ce. "Yi gaba, ni zan jira sauran in nuna musu."

Gado ya ce to, ya taka ya shiga kwarin. Alhaji ya tsaya yana kallon rigar mai ruwan ƙwai tana ƙanƙancewa. Ya gaya wa kansa cewa ba wani abu ba ne, mutumin zai ga hanya ta ƙare ya juyo, abin da zai rasa bai wuce rabin awa ba. Da ya hango Rashid da wasu biyu sun ɓullo daga nesa, ya ɗaga musu hannu ya nuna hagu, bai jira su iso ba ya hau.

Shi ne na farko a sama. Ya jingine keken, ya dafa ginshiƙin. Iska tana kaɗawa, ƙasa ta buɗe har iyakar ganinsa, ga tarin duwatsun kaburbura sun fi talatin a jere. Wani dattijo mai suna Baba Tanimu, wanda ke kula da wurin, ya fito daga wata 'yar rumfa ya yi masa barka da zuwa, ya ba shi ruwa a ƙwarya. Alhaji ya jira daɗin da ya daɗe yana jira ya sauko masa. Bai zo ba. Da Rashid ya iso, kafin ma ya sauka daga keken, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Yaya, ina Gado?"

Alhaji ya ce ai yana gaba, ya ɗauka zai tarar da shi a nan. Ƙaryar ta fito masa da sauƙin da ya ba shi tsoro.

Kowa ya iso ban da Gado. Aka yi sallar azahar, aka buɗe abinci, ba wanda ya ci na kirki. Waya ba ta kamawa a wurin. Baba Tanimu ya ce in baƙon ya bi ta aduwa ya yi dama, to ya shiga Kwarin Mata, kuma babu ruwa a ciki, ga duwatsun suna riƙe zafi kamar tanda. Rashid da wani suka sauka har mararrabar, suka bi sawun taya cikin kwarin har inda yashi ya haɗiye shi, suka yi ta kira, suka dawo ba labari. La'asar ta yi. Alhaji ya zauna a kan wani dutse ya haɗa kai da gwiwa, mutane suka ɗauka damuwar shugaba ce, har wani ya zo yana ba shi haƙuri. Tsoro ya kama shi da gaske, ya tuna Gado yana da mata da 'ya'ya biyar, ya tuna gorar ruwa ɗaya ce a kekensa. Amma ko a cikin tsoron akwai wani abu da ke motsi a ƙasa: duk tsawon yinin nan ba wanda ya ce masa sannu da zuwa na farko.

Rana ta karkata sosai lokacin da Baba Tanimu ya miƙe ya nufi bakin dutsen ta gefen gabas, inda gangaren ya miƙe kamar bango. Ya ce ya ji tsakuwa tana zuba. Suka bi shi suka leƙa. Can ƙasa ga Gado yana hawowa ta wata siririyar tsaga, keken a rataye a kafaɗarsa, hannu ɗaya yana kama dutse. Silifas ɗinsa guda ya tsinke ya jefar, gwiwarsa tana jini. Rashid ya kwanta rub da ciki ya miƙa hannu ya karɓi keken, wasu suka jawo mutumin sama.

Ya sha ruwa ƙwarya biyu kafin ya iya magana. Baba Tanimu ya tsuguna gabansa yana dubansa, sannan ya juya ya gaya musu cewa tsagar nan ita ce hanyar da matan garin suka riƙa bi suna kai wa mazansu ruwa a tulu lokacin da sojoji suka tsare hanyar hagu, shi ya sa ake kiran wurin Kwarin Mata. Ya ce tun yana yaro yake hawan dutsen nan, bai taɓa ganin baƙo ya bi ta can ba, balle da kaya a kafaɗa. Ya kama hannun Gado ya kai shi gaban kaburburan, ya sa shi ya ɗora dutse ɗaya a kan tarin, abin da ya ce 'yan gari kaɗai ke yi.

Alhaji yana tsaye a gefe yana kallo. Da hannunsa ya ba mutumin wannan daraja. Ya rasa ko kunya yake ji ko haushi, kuma ya san yanzu za a tambaya. Rashid ne ya tambaya, ya ce yaya aka yi ya bi dama alhali kowa ya bi hagu.

Gado bai dubi Alhaji ba. Yana ɗaure gwiwarsa da tsumma ya ce, "Ni ne ban ji da kyau ba. Iska ta yi yawa a wurin."

Aka yi masa tsiya, aka yi dariya, aka ɗauki hotuna a gindin ginshiƙin da Gado a tsakiya. A hanyar dawowa Maraɗi Alhaji ya zauna gaban mota kusa da direba, ya ce kansa ke ciwo. Ta gilashin baya yana jin su suna sa Gado ya maimaita yadda ya hau tsagar.

Kwana biyar ya yi yana juya abin. A kanti ya yi wa yaran shagonsa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Hajiya Balkisu ta tambaye shi ko tafiyar ba ta yi daɗi ba, ya ce ta yi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya hau keke shi kaɗai ya gangara Jiratawa. Ya tarar da Gado a gonarsa kusa da magudanar ruwa, yana ɗingishi tsakanin layukan zogale yana karya ganye yana tarawa a zane. Suka gaisa. Gado ya shimfiɗa masa buhu a inuwar mangwaro, ya ce Alhaji ya yi haƙuri da wurin zaman.

Alhaji ya yi ta kewaye, ya tambayi ƙafa, ya tambayi farashin ganye, sannan ya ce shi ya tura shi dama, kuma yana sane.

Gado ya ce ya sani. Da ya yi nisa cikin kwarin ya hau wani dutse don ya duba gaba, sai ya hango Alhaji shi kaɗai yana zagayawa ta hagu. Ya ce ya yi niyyar juyowa, amma zuciya ta ɗebe shi, ya rantse sai ya hau ta inda aka tura shi ko da zai faɗo. Ya ce wannan wautarsa ce, ba ta Alhaji ba.

"To me ya hana ka faɗa a gabansu?"

"In na faɗa ƙungiyar ta watse, Alhaji. Ni kuma ranar Lahadin nan ita kaɗai nake hawan keke ba buhu a bayana."

Ya ci gaba da tsinke ganye daga reshe yana magana ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce shi fa tun ranar da ya fara ganinsu suna wucewa da rigunansu masu kyau yake jin wani abu a ransa, mutane suna hawan keke don nishaɗi, su koma gida su yi wanka su kwanta. Ranar Litinin Alhaji zai shiga mota mai sanyi, shi kuwa zai ɗaura buhu huɗu ya sake bin hanyar nan. Ya ce ƙarfin ƙafar da ake ta magana a kai ba nema ya yi ba, rashin abin hawa ne ya ba shi, kuma da za a yi musanya da ya karɓi kantin ya ba da ƙafafun tun yau.

Alhaji ya so a ce mutumin ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya nemi gafara, Gado ya ce ya wuce, ya cika masa leda da ganye ya ce a kai wa Hajiya. Ya raka shi har bakin gona, yana jan ƙafa.

A hanyar komawa Alhaji ya yanke shawarar ranar Lahadi zai tara su ya faɗi gaskiya kafin a tashi. Ya shirya kalmomin, ya maimaita su har ya shiga gari.

Ranar Lahadi Gado bai zo ba, ya aiko cewa gwiwar ta kumbura, sai ta sauka. Mutum tara suka taru a ƙofar gidan, suna duba tayoyi suna hira. Alhaji ya gyara murya, suka juyo suna saurarensa, sai ya ji kansa yana cewa yau ta Tsibiri za a fara, kuma kowa ya cika gorarsa. Ya hau gaba, ba wanda ke numfashi a bayansa, ƙafafunsa suka yi masa sauƙi kamar da. A hawan nan na kusa da Tsibiri ya miƙe kan feda ya ba su rata mai kyau, ya tsaya a sama yana jiransu, zuciyarsa tana bugawa.

Rashid ya iso yana haki, ya jingina da kekensa, ya dubi gangaren da suka hawo. Ya ce da Gado yana nan da tuni ya kai kasuwar Tsibiri ya saya musu ƙosai. Sauran suka yi dariya. Alhaji ma ya yi, sannan ya ce a tafi, rana tana yi.